Yadda Mati Kamasho Ya Koyi Raɗa

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Daura a shekarun farko na Shari'a ya san muryar Mati, ko da bai san fuskarsa ba. Kamasho ne, mai kiran fasinja a layin Mai'adua. In ya cika ƙirji ya ce, "Mai'adua mutum biyu," sai ka ga tsohuwa ta fito daga lungu na uku da ƙullin kayanta tana cewa a jira ta. Direbobi na ji da shi. Masu sayar da kaset ɗin wa'azi kuwa ba sa ko son ganinsa, don komai ƙarar da suka ƙure wa rediyonsu, da ya buɗe baki sai malamin cikin kaset ya koma kamar mai gunaguni. An ce wata rana ana wa'azi a filin unguwarsu janareta ya mutu, aka tsayar da shi kusa da malam yana maimaita abin da aka faɗa, har aka tashi ba wanda ya yi cigiyar lasifika.

Allah ya ba Mati murya, amma guda ɗaya tak ya ba shi. Da ita yake kiran fasinja, da ita yake gaida surukai, da ita yake yi wa mara lafiya sannu. In ya je ta'aziyya ya ce Allah ya jiƙan rai, jariran gidan ne ke fara amsawa da kuka. Shi kuma bawan Allah a zatonsa a hankali yake magana.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen huɗuba. Kowa ya sani, in aka yi haihuwa akan ɗauki jariri a yi masa kiran salla a kunnen dama, iƙama a na hagu, sannan a raɗa masa sunansa, a bar sunan a rufe sai ranar bakwai liman ya bayyana wa jama'a. A gidan Mati suna bai taɓa kwana a rufe ba. Da matarsa Larai ta haifi ɗan fari, ya ɗauki yaro ya kara baki a kunnensa, sai ga tsofaffin unguwa sun fara neman buta suna mamakin wane irin ladan ne ke kiran salla da hantsi. Kafin ya fito zaure maƙwabta na tambayar lafiyar Uwaisu. Larai, wadda ko da wasa ba za ta kama sunan ɗan fari ba, ta ja zane ta rufe kai don kunya. Na ta biyu, Maimuna, ma haka aka yi. A na uku ya yi dabara, ya rufe ƙofa da taga, ya lulluɓa da bargo shi da jaririn. Yana gamawa wani ɗan acaɓa da ke wucewa ta bayan katanga ya rage gudu ya ce, "Allah ya raya Nasrullahi."

To, da Larai ta samu ciki na huɗu har ya fara tsufa, Gwaggo Yelwa ta zo daga Dutsi don ta zauna da ita. Ƙanwar uban Larai ce, ita ke yi mata wankan jego tun haihuwar fari, kuma ba ta iya kwana da magana a ciki ba. Ko kayanta ba ta kwance ba ta sa aka kira Mati.

"Wannan karon ba kai za ka yi huɗuba ba," in ji ta. "Na riga na yi magana da Malam Suhaibu limamin unguwa. 'Ya'ya uku ka firgita mani, kowanne sai da ya yi kwana da kwanaki yana zabura cikin barci. Ya isa haka nan."

"Haba Gwaggo, ai a hankali nake yi," in ji Mati, har kwanon da ke kan randa ya yi ƙara.

"Ka ji ko? Wannan ita ce a hankalin taka."

Ya yi dariya a gabanta, amma maganar ta soke shi. Ba wai abin kunya ba ne malam ya yi wa ɗan mutum huɗuba, gidaje da yawa haka suke yi. Sai dai Mati ba shi da gona, ba shi da garke, ba shi da wani abu da zai nuna ya ce ga abin da na ajiye wa 'ya'yana. Abu ɗaya yake taƙama da shi, cewa sunan Allah na farko da kowanne ɗansa ya ji a duniya daga bakinsa ya fito. Yanzu shi ne za a karɓe, yana raye, yana da lafiya. Ya dawo ya durƙusa ya roƙi Gwaggo ta ba shi dama.

Ta dube shi tana taunar goro. "Shi ke nan," ta ce. "Amma Malam Suhaibu zai zauna a zaure. Jaririn na buɗe baki zan karɓe shi daga hannunka, ko da kana tsakiyar shahada."

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka washegari Mati ya fara neman magani. Da yake tasha ce, kowa likita ne. Sada mai shayi ya ce citta ce ke wasa masa maƙogwaro, ya daina shan shayi mai yaji, ya koma ruwan ƙanƙara. Mati ya yi ta ɗirkar ƙanƙara har muryar ta dishe. Sai dai ko kaɗan ba ta ragu ba, ta dai koma kamar injin niƙa da aka zuba wa tsakuwa, har yara suka riƙa gudu in ya yi sallama. Wani direba ya ce ya naɗe bakinsa da rawani. Ya naɗe, ya yi yini guda yana gumi, aka riƙa gaishe shi da Buzanci, muryar kuwa ta fito ta cikin rawanin ba abin da ya same ta. Wani ya ce ya riƙa cika baki da goro kafin ya yi magana. Wanda ya ba da wannan shawara shi ya fara wanke riga.

Ana haka wata ranar kasuwar Mai'adua ya bi mota ya je, ya ratsa ta kara inda ake cinikin shanu, sai idonsa ya faɗa kan Baba Kalilu dillali. Tsoho ne siriri mai farin gemu, wanda ya shekara arba'in yana shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa. Mati ya tsaya yana kallon ikon Allah. Ga shanu na kuka, ga jama'a na hayaniya, amma tsohon sai ya kama hannun rigar mai saye, ya ja shi taku biyu, ya ɗan motsa leɓe a gefen kunnensa, sai ka ga mutum ya gyaɗa kai. Wanda ke tsaye kafaɗa da kafaɗa da su bai ji ko harafi ba. Mati ya ji zuciyarsa ta buga don murna. Ga abin da yake nema ana rabawa a fili, shi yana can yana shan ƙanƙara.

Ya jira aka sallama ciniki, sannan ya matsa ya ce zai yi maganar sirri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya kwashe labari duka ya faɗa. Kafin ya kai ƙarshe rabin kara sun san cikin Larai wata nawa ne, wani Bafulatani ma ya ɗaga sanda ya ce Allah ya sauke ta lafiya.

Baba Kalilu ya share hawayen dariya da bakin riga. Ya nuna wata karsana ja da ke kwance tana tuƙa. "Je ka yi ma waccan sallama a kunne, in ga inda muke."

Mati ya je ya sunkuya, ya tattara iyakar natsuwarsa, ya yi sallama. Karsana ta miƙe tsaye da ƙafa huɗu lokaci guda, ta tsinke igiya, ta yi cikin tumaki, tumaki suka yi cikin masu fura. Sai da aka yi ta ba mutane haƙuri har la'asar.

Da ƙura ta lafa, tsohon ya ja shi gindin wata bedi suka zauna. Bai ce masa ya sha komai ba, bai ce ya daina shan komai ba. Tambaya ya yi masa.

"Mati, in kana magana, da wa kake?"

"Da wanda ke gabana mana, Baba."

"A'a. Ni ina gabanka, amma idonka na can bakin titi, muryarka ma can ta nufa. Wa ya koya maka magana?"

Mati ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce kakarsa ce ta rene shi a Sandamu, tun yana ɗan yaye, su biyu kaɗai a gida. Kurma ce, ba ta jin komai sai an ɗaga murya har jijiyar wuya ta fito. In yana jin yunwa sai ya yi ihu, in zai gaishe ta sai ya yi ihu, in zai ce mata ya yi mafarkin tsoro ma sai ya yi ihu. Bai taɓa sanin akwai wata hanyar magana ba. Yana faɗa ya ji ƙwalla ta cika masa ido, don ya daɗe bai tuna tsohuwar ba, kuma ya so ta ƙwarai.

"Allah ya jiƙanta," in ji Baba Kalilu. "To har yau da ita kake magana. Mu sauran muna ji, Mati. Ka riƙa duba kunnen da ke gabanka, ka auna mashi daidai cikinsa. Kuma wannan iskar da kake cika ƙirji da ita kamar za ka hura wutar maƙera, ka fitar da rabi kafin ka buɗe baki. Je ka gwada da akuya, ita ba ta da ƙarfin karsana."

Akwai wata baƙar akuya ta Larai da ke ɗaure a bayan ɗaki. Ita ta sha wahalar karatun. Kullum in Mati ya dawo daga tasha sai ya zagaya, ya tsuguna, ya kama kunnenta, ya fitar da rabin numfashi, ya fara. Da farko tana ganinsa take fara kuka tana zagaye turke. Daga baya ta koma kaɗa kunne kawai. Bai ga dacewar yi wa akuya kiran salla ba, don haka abin da ya fi sani yake karanta mata.

Wata rana da yamma Larai ta zagaya da ƙyar za ta zuba dusa, ta tarar da mijinta durƙushe, bakinsa a kunnen akuya, yana cewa cikin wata murya da ba ta taɓa ji ba, "Mai'adua, Zango, Ɓaure, saura mutum ɗaya a tashi." Akuya kuwa ta lumshe ido tana tuƙa abinta.

Larai ta saki kwanon dusa. Ta dafa bango tana dariya har ta kasa tsayuwa, ta zauna a kan turmi tana riƙe da ciki tana cewa, "Malam, don Allah ka bari, za ka sa in haihu yau." Shi ma dariyar ta kama shi, ya manta da karatu ya sake ta gaba ɗaya, akuya ta tsinke igiya.

Amma fa ya samu. Kuma tun da ya samu, sai ya zama kamar yaron da aka ɗinka wa sabuwar riga, ko barci ba ya son cirewa. Mati ya shiga yi wa duniya raɗa. Ya raɗa wa Sada a ba shi shayi, Sada ya ce me ka ce, Mati ya yi tsalle don murna, domin tun da aka haife shi ba a taɓa ce masa me ka ce ba. A tasha ya daina kira. Sai ya lallaɓa kusa da mutum, ya kama hannun rigarsa irin na Baba Kalilu, ya ce masa a kunne, "Akwai Mai'adua." Mutane suka riƙa dafe aljihu suna matsawa. Wani ya ɗauka man fetur na sumoga yake tallatawa, ya tambaye shi jarka nawa. Wani ustazu mai ɗangalallen wando ya ja shi gefe ya yi masa nasiha cewa ba kyau mutum biyu su yi raɗa su bar na uku. Mati ya raɗa masa godiya.

Motocin layin Mai'adua kuwa suka yini a rana ba fasinja. Direbobi suka taru suka same shi, babbansu Jafaru ya ce, "Mati, mu ba mu hana ka gyaran hali ba, amma ka bari sai ka koma gida. Nan tasha ce." Sai a sannan ya gane cewa tsohuwar muryar ma tana da wurinta. Ya hau kan benci ya saki "Mai'adua" guda ɗaya, tattabarun rumfa suka tashi, mota ta cika. Daga ranar yake da murya biyu, ta tasha da ta gida, kuma in ya zo ƙofar zaure sai ya tsaya ya fitar da rabin numfashi kafin ya yi sallama. Wani lokaci yakan manta. Gwaggo Yelwa ba ta taɓa barin mantuwar ta wuce ba tare da ta ce "uhm" ba.

Ranar wata Talata da hantsi, yana tsakiyar lodi, maƙwabcinsa Maliki ya zo a kan babur ya ce Larai ta sauka, an samu mace. Mati ya bar mota da ƙofa a buɗe ya ɗare bayan babur.

Tun daga bakin lungu ya ga abin da ke jiransa. Unguwa ta saba, haihuwa a gidan Mati ba a jiran ranar suna. Maza sun jeru a dakalin ƙofar gida kamar masu jiran labarai a rediyo. Mata maƙwabta sun tattaru a bayan katanga, Kubura mai ƙosai har ta hau kan turmi. A zaure ga Malam Suhaibu zaune a kan buzu da dabino a hannu, ya amsa gaisuwar Mati yana kawar da kai don kada a ga murmushinsa.

Mati ya yi alwala. Ya shiga ɗaki. Larai na kwance a gefe, ta gaji, ta dube shi. Gwaggo Yelwa na zaune a bakin gado da jaririya naɗe cikin zane, ta riga ta toshe nata kunnuwan da auduga. Ta miƙa masa, amma ba ta janye hannuwanta ba, ta bar su a buɗe a ƙarƙashin nasa, a shirye.

Tsoro ya kama shi sosai. Duk abin da Baba Kalilu ya koya masa ya gudu, bai tuna numfashi ba, bai tuna akuya ba. Ya ji tsohuwar muryar ta taso ta cika masa ƙirji tana neman hanya. Sai ya ɗan janye zanen, ya ga kunnen. Ɗan mitsitsi ne, bai fi ganyen zogale ba, ja, a naɗe, da ɗan gashi kwance a bayansa. Yarinyar na barci, leɓenta na motsi. Tausayi ya rufe shi. Ya sunkuya.

Ɗakin ya yi tsit. A waje an ji wani ya yi tari, wata ta ce a yi shiru mana. Mati ya daɗe a kunnen dama, ya juya ta a hankali ya koma na hagu, ya sake dawowa. Jaririya ta yi miƙa, ta dunƙule hannu, ta ci gaba da barcinta.

Ya ɗago.

"To bismilla mana," in ji Gwaggo Yelwa. "Ka tsaya kana shinshinar yarinya. Ka fara, hannuna ya gaji."

"Na gama, Gwaggo."

Ta zare audugar kunnen dama. "Ka ce me?"

"Na gama. Kiran salla, iƙama, suna, duka."

Ta zare ta hagun ma, ta duba audugar kamar ita ce ta cuce ta. Ta dubi Larai. Larai ta girgiza kai, ita ma ba ta ji ba. Daga bayan katanga Kubura ta ɗaga murya ta ce, "Gwaggo, lafiya dai? Ko an fasa?"

Gwaggo Yelwa ta gyara zama, ta yi gyaran murya. "To, madalla. Wane suna ka sa mata?"

"Sai ranar suna, Gwaggo."

"Ni? Ni da na yanke mata cibi?"

"Ai al'ada ce," in ji Mati. Dariya ta taso masa, ya danne ta saboda yarinyar da ke hannunsa, kafaɗunsa suka riƙa rawa, hawaye na zuba, ba sauti ko kaɗan. Gwaggo ta karɓi jaririyar ta kwantar kusa da uwarta, ta fita tana faɗa, wai an rena ta, shekara da shekaru tana jin sunan jikokinta tare da 'yan acaɓa, yau da abin ya zama na mutunci an ware ta. Ta leƙa zaure ta ce wa Malam Suhaibu ya ba da dabinon a sa wa yarinya a baki, aikinsa sai ranar bakwai. Mazan dakali suka watse suna ƙorafi kamar an ɗauke wuta ana tsakiyar labarai.

Ɗaki ya rage daga Mati sai Larai sai mai barci. Larai ta dube shi ta gefen ido.

"Malam, ni ma sai ranar sunan?"

Ya durƙusa a bakin gado, ya kai bakinsa kunnenta ya faɗa mata. Ta yi murmushi ta gyaɗa kai, ta ɗauka ya gama. Amma bai ɗago ba. Akwai maganganu da ya daɗe yana riƙe da su tun tana amarya, irin waɗanda namiji ba ya so maƙwabta su ji, shi kuwa bai taɓa samun muryar da zai faɗe su da ita ba. Ya ci gaba da magana. Larai ta daina murmushi, ta ja gefen zane ta rufe fuskarta, hawaye na bin kuncinta, ta kama hannun rigarsa ta riƙe don kada ya tashi.

Gwaggo Yelwa na tsaye a bayan labule da kwanon kunun kanwa, ta kara kunne iyakar iyawarta. Har kunun ya huce ba ta ji komai ba.